Murhun Gas Mai Obin: A Sauya Masa Nau'in Gas Ko A Sayi Wanda Ya Dace Tun Farko?

Mutum ya sayi murhun gas irin mai tsayuwa da ƙafafunsa, kawuna huɗu ko biyar a sama, obin a ƙasa. An kawo shi, an kwance kwali, sai ga wata 'yar sitika a bayansa tana cewa an saita shi ne don gas na bututu, alhali gidan da tukunyar gas ake girki. Ko kuma akasin haka: an tashi daga gidan da ake amfani da tukunya, an koma inda aka ja bututun gas har cikin kicin, ga tsohon murhu lafiyarsa lau, ana ta shawarar ko a jona shi haka nan a huta. Duk wanda ya tsinci kansa a ɗaya daga cikin waɗannan, hanyoyi biyar ne a gabansa. Huɗu suna da inda suke amfani. Ɗaya kuwa zan kawo ta ne kawai don ka gane ta idan wani ya zo maka da ita.

Me ya sa gas ɗin biyu ba sa hawa kan saiti ɗaya

Gas na bututu yawancinsa metan ne. Na tukunya, wanda ake kira LPG, furofen ne ko biyuten ko haɗin su biyun. Kubik mita ɗaya na gas ɗin bututu yana ba da zafi kusan megajul 38, na furofen kuwa kusan 94, wato wajen ninki biyu da rabi. Sannan na tukunya yana isowa murhu da matsi mai ƙarfi fiye da na bututu. A yawancin ƙasashen Turai ana ba da gas na bututu a matsin milibar 20, biyuten a 28 zuwa 30, furofen a 37, wasu ƙasashen kamar Jamus ma 50 suke amfani da shi. Murhunan Amurka suna aiki da inci 4 ko 5 na ma'aunin ruwa idan na bututu ne, inci 10 idan furofen ne.

Abin da ke daidaita wannan bambanci wani ɗan ƙarfen tagulla ne mai rami a tsaka, da ke zaune ƙarƙashin kowane kan murhu, shi ne nozul. Na gas ɗin tukunya raminsa ƙarami ne, na bututu ya fi faɗi. A murhunan Turai lambar da aka buga a jikinsa galibi faɗin ramin ce: matsakaicin kai yakan ɗauki nozul mai lamba kusan 65 a gas na tukunya, wato milimita 0.65, amma kusan 97 a na bututu. Da ido ba za ka ce akwai wani bambancin kirki ba, amma wuta takan nuna shi nan take. Ka jona tukunya a murhun da aka saita wa bututu, harshen wuta zai tashi dogo, rawaya, yana lasar gefen tukunyar girki, yana barin baƙi, yana kuma fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi amma tana kisa. Ka yi akasin haka, wutar za ta zama 'yar ƙyas, iska kaɗan ta kashe ta, gas ya ci gaba da fita.

Ma'aunan da za a duba

Kuɗi shi ne na farko da kowa ke tambaya, amma a haɗa da ladan aiki da abin da za a yi asara idan garanti ya faɗi. Na biyu ƙarko: shin bayan shekara uku wutar za ta kasance shuɗiya kamar ranar farko? Na uku sauƙin aiki, da kayan aikin da ake buƙata. Na huɗu haɗari, kuma a ganina shi ya kamata ya rinjayi sauran idan suka yi karo. Akwai na biyar da ake yawan mantawa, wato doka da takarda. A Birtaniya, misali, duk mai yi wa jama'a aikin gas dole sunansa ya kasance a rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Ƙasashe da dama suna da irin wannan ƙa'ida, kuma kamfanin inshora ko mai gidan haya zai iya neman takardar shaidar wanda ya yi aikin ranar da wani abu ya faru.

Kafin duk wannan, leƙa bayan murhun ko cikin aljihun da ke ƙasansa, ka nemo farantin bayanai. A nan za ka ga lambar samfurin, da irin gas ɗin da aka saita masa, da matsin da yake so. A murhunan da aka yi bisa tsarin Turai akwai rukunin gas, kamar II2H3+. Idan ya fara da II, an ƙera shi ya iya aiki da iyalin gas biyu, ana iya sauya shi. Idan I ne kaɗai, gas iri ɗaya aka yi shi dominsa, maganar sauyi ta ƙare tun daga nan.

Hanya ta farko: murhun da ya fito daga kamfani a saite

Wannan ba ta da dogon bayani. Ka san gas ɗin gidanka, ka sayi murhun da farantinsa ya faɗi haka. Nozul, da shigar iska, da ƙaramar wuta, duk an gwada su a masana'anta. Garanti yana nan daram. Idan ba ka riga ka sayi komai ba, ba ta ƙara maka ko sisi. Idan kuwa kana da murhu mai kyau a hannu, ita ce mafi tsada, domin sabon murhu ya ninka kuɗin kayan sauyi sau da yawa. Wanda ya sayi sabo bisa kuskure kuma bai jona shi ba, ya fara tambayar ko za a karɓa a musanya masa. Da zarar an kunna shi sau ɗaya, magana ta canza.

Hanya ta biyu: kayan sauyi na kamfani, a hannun ƙwararre

Murhuna da yawa suna zuwa da 'yar leda ta nozul a cikin kwali, a manne da littafin jagora ko a bayan murhun. Mutane kan jefar da ita tare da tarkacen kwali, daga baya a shiga nema. Idan babu, ana yin odarta da lambar samfurin, kuma kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da murhun. Ladan ma'aikacin ya kan fi kuɗin kayan.

Ya kamata ka san abin da kake biya, don kada a yi maka rabin aiki. Zai cire nozul na kowane kai ya sa wanda ya dace da girmansa, domin babban kai da ƙarami ba lamba ɗaya suke ɗauka ba. Zai shiga obin ya sauya nozul na ƙasa, da na gashin sama idan akwai. Idan murhun ƙirar Amurka ne, yana da regileta, wato na'urar daidaita matsin gas, a jikinsa, mai wani murfi da ake kwancewa a juya fil ɗin da ke ciki daga NAT (gas na bututu) zuwa LP (na tukunya) ko akasin haka. Na Turai galibi ba su da wannan, matsinsu daga regiletar tukunya ko ta mita yake zuwa, don haka ita ce za a tabbatar ta dace. Daga nan sai ya zare makunnan ya daidaita ɗan sukurun ƙaramar wuta na kowane kai, ta yadda idan aka murɗa daga babba zuwa ƙarama da sauri ba za ta mutu ba. Zai gyara ƙofar iska ta obin, domin furofen yana cin iska kusan ninki 24 na yawansa, metan kuwa kusan 10. A ƙarshe ya auna matsi da ma'auni, ya gwada yoyo, ya manna sabuwar sitika mai nuna gas ɗin da murhun ya koma.

Obin ɗin nan shi ne inda ake gane ma'aikacin ƙwarai. Wutar sama kowa yana ganinta, idan ta yi rawaya za a yi magana. Ta obin a ɓoye take ƙarƙashin faranti, tana iya shafe watanni tana ci ba daidai ba, ba wanda ya lura sai ciwon kai ya yawaita a gidan ko kunkunniya ta fara fitowa ta mafitar hayaƙi. Na taɓa ganin murhun da aka sauya wa kawunan sama tsaf, aka bar nozul ɗin obin yadda ya zo. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin, masu gidan kuma suna zargin murhun ne jabu. Saboda haka idan ma'aikaci ya gama cikin 'yan mintuna bai buɗe ƙasan obin ba, ka tambaye shi. Kuma ka karɓi tsofaffin nozul ɗin ka ƙirga, su yi daidai da yawan wuraren da wuta ke ci. Ka adana su, wata rana za a iya komawa.

Ta fuskar ƙarko, murhun da aka sauya haka ba shi da bambanci da wanda ya fito a saite. Abu ɗaya da za ka iya lura da shi: wasu murhunan da aka ƙera da gas na bututu a zuciya, ƙarfin manyan kawunansu yakan ɗan ragu a kan furofen. Littafin jagora yakan nuna alƙaluman biyu gefe da gefe.

Hanya ta uku: kayan kamfani, amma da hannunka

Gaskiya aikin ba sihiri ba ne. Nozul na sama sifana mai soket ta milimita 7 ce ke kwance yawancin na Turai, kuma littafin jagora yana da jadawalin wace lamba ke zuwa wane kai. Mai haƙuri da ya saba riƙe kayan aiki zai iya. Abin da za ka tsira da shi ladan ma'aikaci ne kawai.

Ga abin da za ka ɗauka a madadinsa. Tagulla tana da laushi. Ka sa nozul a karkace ko ka matse fiye da kima, zaren ya lalace, gas ya riƙa tsiyaya ta gefe. Nozul ɗin suna kama da juna, lambobin ƙanana ne, sauƙin rikita su ya yi yawa, shi ya sa ake cire ɗaya a sa ɗaya maimakon a zube su duka a kan tebur. Ba ka da ma'aunin matsi, don haka da ido za ka yanke hukunci, ido kuwa ba ya ganin kabon monoksaid. Kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara cewa ƙwararre ne zai yi sauyin, in ba haka ba garanti bai shafi abin da ya biyo baya ba. A wasu wuraren kuma doka ce ta hana kai tsaye. Ni dai ina ganin ribar ba ta kai kasadar ba, sai ga wanda yake nesa da duk wani ma'aikaci mai lasisi, kuma murhunsa na kawunan sama ne kawai suke cin gas. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Hanya ta huɗu: gyaran dabara

Ita ce wadda na ce zan kawo don ka gane ta. Wani zai ce a faɗaɗa ramin nozul da allura ko siririn bakin injin huda. Wani zai ce a toshe ramin da dalma a sake hudawa, ko a bubbuga bakin ya tsuke. Wani ya ce a bar nozul ɗin, a rage gas ɗin daga regileta mai murɗawa har wutar ta yi kyau. Wani kuma ya kawo nozul na wani murhu daban, tunda zaren ya shiga. Duk sun fi araha, wasu ma a take za su ba da wuta mai kama da shuɗiya. Amma bambancin da ake magana a kai da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ake auna shi, hannu ba ya iya kiyaye shi. Dalma kuma tana iya saki da zafi. Rage matsi yana raunana ƙarfin da gas ke jawo iska da shi, sai konewar ta ƙi cika. Idan ba a samun kayan sauyi na ainihi na samfurinka, murhun nan ba na sauyawa ba ne.

Hanya ta biyar: a bar murhun, a kawo masa gas ɗin da ya sani

Ba kullum sai an taɓa murhu ba. Wanda ya koma gida mai bututu da murhun tukunya zai iya ci gaba da tukunyarsa, idan dokar ginin ta yarda, domin benaye da yawa sun hana ajiye tukunyar gas a ciki. Wannan ya dace da ɗan haya da zai yi shekara ɗaya ya tashi. Akasin haka, wato jawo bututu saboda murhu, babban aiki ne mai tsada, sai dai idan layin ya riga ya wuce ta ƙofar gida kuma za a ɗora masa wasu abubuwan kamar injin dumama ruwa. Inda ake da shi, gas na bututu yakan fi sauƙin kuɗi a wata, ba ya kuma ƙarewa ana tsakiyar girki. Tukunya kuwa tana bin ka duk inda ka je. Masu zama a ƙasa mai tsananin sanyi su lura: biyuten yana daina zama iska a kusan digiri sifili, furofen kuwa sai sanyi ya kai 42 ƙasa da sifili, don haka tukunyar da za ta kwana a waje furofen ake zuba mata.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sabo a saite | Babu ƙari ga mai sayen farko. Mafi tsada ga mai murhu | Mafi kyau | Mafi sauƙi | Kaɗan |
| Kayan kamfani da ƙwararre | Matsakaici | Daidai da sabo | Mai sauƙi a gare ka | Kaɗan |
| Kayan kamfani da kanka | Kaɗan | Ya danganta da hannunka | Sai da haƙuri da kayan aiki | Matsakaici zuwa babba, musamman a obin |
| Gyaran dabara | Mafi araha | Babu tabbas | Kamar mai sauƙi | Babba ƙwarai |
| A bar murhu yadda yake | Kaɗan da tukunya. Mai yawa da sabon bututu | Mai kyau | Ya danganta da ginin | Kaɗan idan an bi ƙa'ida |

Girkawa: abin da ya hau kan kowa

Ko wace hanya ka ɗauka, murhun sai an zaunar da shi. A auna gurbin tukuna: na Turai faɗinsu santimita 50, 60 ko 90, na Amurka da aka fi sani inci 30, kusan santimita 76. A bar tazarar kusan santimita 75 tsakanin kawunan da abin da ke sama, sai dai in littafin ya faɗi wani adadi. A murɗa ƙafafu har ya daidaita, in ba haka ba mai zai riƙa taruwa a gefe ɗaya na kasko.

Akwai wani ƙarfe ko sarƙa da ke zuwa da murhun don a ɗaure shi a bango ko daɓe. Shi ne abin da aka fi watsarwa. Idan ƙofar obin tana buɗe, yaro ya taka ta ko aka ɗora mata abu mai nauyi, murhun gaba ɗaya yana iya kifowa da abin da ke tafasa a kansa. Sukuru biyu ne ko uku, a ɗaura.

Tiyo sabo ake sawa, wanda aka yi don irin gas ɗin, ba a maimaita tsoho. Na roba yana da wa'adi, galibi an buga shekara a jikinsa, kuma kada ya taɓa bayan obin inda zafi ke taruwa. Bawul na kashewa ya kasance inda hannu zai kai ba sai an ja murhu ba. Wanda ya shigo da murhu daga wata ƙasa ya duba abu biyu: zaren mahaɗar Amurka da na Turai duka ana kiransu rabin inci, amma ba sa shiga juna daidai, sai da mahaɗi na musamman, kuma na Amurka wutar lantarki bolt 120 yake so don tartsatsin kunnawa, ba 220 zuwa 240 ba. Wasu obin na zamani ba sa kamawa sam idan babu lantarki, ko da gas yana nan.

Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi a kowace mahaɗa; inda kumfa ta kumbura, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Na'urar gano yoyo kuma wurin kafa ta yana bin nauyin gas ɗin: metan ya fi iska rashin nauyi, sama yake tashi, don haka kusa da silin, furofen ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, ƙasa yake kwanciya, don haka kusa da daɓe. Saboda wannan ne ba a ajiye tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko kusa da bakin magudana. Na'urar gano kabon monoksaid daban ce, ɗaya ba ta aikin ɗaya.

Wace ce taka

Idan ba ka saya ba tukuna, ka sayi wanda aka saita wa gas ɗin gidanka, amma ka zaɓi mai rukunin II da ledar nozul a ciki, ka fifita mai na'urar da ke yanke gas idan wuta ta mutu. Mai yawan ƙaura ma wannan ne nasa, sai dai ya ƙara da adana nozul na gas ɗin biyu a leda ɗaya da littafin jagora.

Idan murhunka mai kyau ne, ko sabo mai garanti, kuma ana samun kayan sauyin samfurinsa, ka kira mai lasisi ka karɓi takarda. Haka mai ba da gida haya, da mai girkin sayarwa: su ba su da wani zaɓin ma.

Mai son obin amma yana gudun wahalarsa, ya duba murhu mai haɗi, sama gas, obin lantarki. Sauyinsa a kawunan sama kaɗai yake tsayawa, sai dai yana buƙatar layin lantarki mai ƙarfi.

Ɗan hayan da ba zai daɗe ba, ya bar murhunsa yadda yake ya ci gaba da tukunya, bayan ya tambayi mai gida ko an yarda. Wanda kuwa murhunsa ya tsufa, makunnai sun fara cijewa, kamfanin ya daina yin kayansa ko farantin bayanan ya goge ba a iya karanta lambar, ya sayar da shi ga mai irin gas ɗin da aka saita masa, ya ɗora kuɗin a kan sabo.